Yadda Ake Sa Mutanen Gari Su Fassara Zanen Alƙaluman Bincike Yayin Hira

Ɗalibai masu digiri na biyu a Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere, da ma'aikatan ƙungiyoyin lafiya da na noma, sun sha aiko mini da tambaya iri ɗaya: mun tattara alƙaluma, mun zana su a kwamfuta, to yaya za mu kai wa mutanen da alƙaluman suka fito daga wajensu domin su gaya mana ma'anarsu? Wasu sun ce sun gwada. Suka miƙa wa mutum takarda, ya juya ta sama da ƙasa, ya ce "haka ne, Malam," shi ke nan hira ta mutu.

Zane yana nuna abu ya hau ko ya sauka, amma dalilin hawan da saukar yana bakin mutanen gari, kuma ba za su faɗe shi ba muddin suna jin jarrabawa ake yi musu. Matakan da ke ƙasa an jera su ne domin a raba su da wannan jin. Misali ɗaya zan bi har ƙarshe: bincike kan zuwan mata awon ciki a asibitin matakin farko na wata gunduma, a ce a ƙaramar hukumar Akko ko Kwami. Mai binciken farashin hatsi ko zuwan yara makaranta sai ya sauya misalin da nasa.

1. Ku sami izini tukuna

In binciken ya shafi lafiya, sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, ko na jami'arku, ko na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko na ma'aikatar lafiya ta jiha. Ku haɗa ainihin zanen da za ku nuna a cikin takardun neman izinin, domin shi ma kayan bincike ne kamar jerin tambayoyi. Alƙaluman asibitocin gunduma kuwa, ta hannun Hukumar Lafiya Matakin Farko ta jiha da jami'in ƙaramar hukuma ake nemansu. Bayan takardu sai gaisuwa: hakimi, dagaci ko jauro, mai unguwa, da shugaban kwamitin raya gunduma.

Gargaɗi: yardar mai unguwa ko ta maigida ba ita ce yardar matar da za a yi hira da ita ba. Ana neman tasu don ladabi da buɗe ƙofa, amma ita ma sai an yi mata bayani a harshen da take ji, ta sa hannu ko ta dangwala yatsa, ta kuma san tana da ikon cewa a'a.

2. Ku binciki alƙaluman kafin ku zana su

Alƙaluman wata-wata na asibitoci suna tafiya ne daga rajistar asibiti zuwa fam ɗin taƙaitawa na wata, daga nan a shigar da su manhajar DHIS2, wadda gwamnati take tara alƙaluman lafiya a cikinta. A kowace gaɓa kuskure na iya shiga. Ku je asibitin, ku nemi rajistar awon ciki, ku ƙirga watanni biyu ko uku da hannu, ku gwada da abin da aka ba ku.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne watan da babu komai a cikinsa. Wani lokaci mace ko ɗaya ba ta zo ba, wani lokaci kuma rahoton ne ba a aika ba. Excel yana iya zana muku duka biyun a matsayin sifili. In kuka kai wa mata zane mai nuna cewa a watan Yuni ba wadda ta zo, alhali wadda ke gabanku ta san ita da kishiyarta sun je a watan, kun zubar da amincin takardar gaba ɗaya. Watan da ba rahoto ku bar gurbinsa da ɗige-ɗige, ku faɗa da baki cewa ba a samu lissafinsa ba.

Gargaɗi: kada ku zana ƙananan lambobi a kan abu mai nauyi. A ƙauye, ginshiƙin zanen da ya ce mata 2 sun rasu wajen haihuwa ya ambaci sunayensu ke nan, kowa ya san su. Ku haɗa watanni ko ƙauyuka har lambar ta daina nuna mutum. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake yi wa kariya ta musamman.

3. Ku zana shi don wadda za ta karanta

A nan ne aiki ya fi lalacewa, don haka zan daɗe.

Zane biyu ko uku sun isa hira ɗaya, kowanne da saƙo ɗaya a takarda ɗaya. Ku fi son ginshiƙai masu tashi daga layi ɗaya. Tun 1984 masana ƙididdiga William Cleveland da Robert McGill suka gwada mutane suka nuna cewa ido ya fi iya kwatanta matsayi a kan ma'auni ɗaya fiye da kusurwa, shi ya sa zanen da'ira mai yanka-yanka yake wahalar da ko ɗan boko. Ginshiƙan su fara daga sifili. In kuka yanke ƙasan, ɗan bambanci sai ya zama kamar annoba, matar kuma ta shiga nemo muku dalilin abin da bai kai haka ba.

Ku bar "kashi 30 cikin ɗari". Ku zana mata goma, ku cika uku da launi, ku ce uku cikin goma. In hatsi ne, ku yi lissafi da mudu da buhu, ku bar kilo.

Sai lokaci. Mu mun saba da Janairu zuwa Disamba, amma yawancin matan karkara da damina da kaka da ɗari da bazara suke tuna abu, sai kuma azumi da ƙaramar salla da babbar salla. A ƙarƙashin watannin ku ja layin waɗannan lokuta, ku sa 'yar alama: girgije a damina, damin gero a kaka, jinjirin wata a azumi. Ku duba kalandar shekarar da alƙaluman suka fito, domin azumi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. A 2025 ya faɗo cikin Maris ne. A Billiri da Kaltungo da Shongom ku ƙara Kirsimeti da Ista.

Wani abu da ba a cika kula da shi ba: wadda ta yi makarantar allo ta saba fara karatu daga dama zuwa hagu. In ta bi ginshiƙanku haka, hawa zai zama sauka a wajenta. Ku sa kibiya mai kauri a ƙasa, ku ɗora yatsa ku ce "daga nan shekarar ta fara." Wasu sukan jera watannin daga sama zuwa ƙasa, ginshiƙan su kwanta, kuma ni na fi son haka.

Launi ma yana magana. Uwar da aka taɓa auna damtsen ɗanta da tef ɗin tamowa ta san ja, wato ƙasa da santimita 11.5, haɗari ne, rawaya gargaɗi, kore lafiya. In kun shafa wa unguwarta ja don ado kawai, za ta ɗauka kun ce su ne marasa lafiya. Ku yi amfani da shuɗi da ruwan toka ko baƙi da fari, ku guji haɗa ja da kore tunda akwai masu rauni wajen bambance su, musamman maza, ku kuma guji haɗin launin da zai yi kama da tutar jam'iyya.

Daga ƙarshe ku sa wa kowane ginshiƙi lamba babba a kansa, 1 zuwa 12. Amfaninta zai fito a mataki na 9.

4. Kaya da kuɗi

Ku buga a takarda A3, domin A4 ta yi ƙanƙanta a ɗaki mai duhu, ga masu raunin gani da ba su da tabarau. Kowace mai ba da bayani da sabon kwafinta, saboda za ta yi zane a kai, sannan ku riƙe ƙarin biyar. Ku sa wa kwafi ɗaya leda don ƙura da ruwa. Ku tanadi faifan katako na ɗora takarda, maka (wato alƙalamin zane mai kauri) launi biyu, rakoda da batir na ajiya ko waya mai isasshen caji da fawa banki, mudun wake, babbar takarda ko kwali, da ambulan na ajiye kowane kwafi.

Bugu mai launi ya ninka baƙi da fari sau da yawa, don haka in kuɗi ya yi kaɗan ku buga baƙi da fari ku shafa launi da maka. Amma bugu ba shi ne babban kashe kuɗi ba. Abin da ke cinye kasafi shi ne mota ko babur zuwa ƙauyuka, alawus na mai ɗaukar bayani da tafinta, da rubuta hirar daga rakoda. Awa ɗaya ta magana takan ci awa huɗu zuwa shida kafin a rubuta ta, in da fassara daga Fulatanci ko Tangale ko Tera sai ta wuce haka. Abin hasafi ga masu ba da bayani, sabulu ne ko kuɗin mota, ya zama wanda kwamitin ɗa'a ya amince da shi, kuma kowa ya samu daidai ko da ta tsayar da hirar a tsakiya.

Gargaɗi: kada ku nuna zanen a fuskar waya ko kwamfutar hannu. Hasken rana yana kashe shi, mutum yana tsoron taɓa kayan tsada, kuma ba zai yi zane a kai ba.

5. Ku gwada a wani gari

Mutum uku zuwa biyar masu kama da waɗanda za ku yi hira da su, a gundumar da ba ta cikin binciken. Abokan karatunku ba sa cikin lissafi. Duk inda mutum biyu suka yi kuskure iri ɗaya, zanen ne ke da laifi, ku gyara shi.

6. Wuri da lokaci da wanda zai yi tambaya

Hirar awon ciki mace ce za ta yi ta, da mai ɗaukar bayani mace, a cikin gida, kan tabarma, inda akwai haske. Ku zauna gefe da gefe kuna kallon takarda tare. In kuka zauna gaba da gaba, ɗaya za ta ga zanen a kife, zaman kuma ya koma na malama da ɗaliba. Ku kauce wa ranar kasuwar garin, da safiyar damina lokacin noma, da lokacin ɗora tukunya.

Gargaɗi: kada a yi hirar a harabar asibitin da ake magana a kansa, kuma kada ma'aikaciyar asibitin ta zama tafinta. Ba wadda za ta ce ana yi musu tsawa a gaban wadda za ta karɓi haihuwarta.

7. Ku fara hira takarda na cikin jaka

Minti goma sha biyar zuwa ashirin na farko tambayoyi ne na baki: cikinta na baya, yaushe ta fara zuwa awo, wa ya kai ta, me ya hana ta wani lokaci. In kuka fito da zane tun farko, duk amsarta za ta bi shi, ba za ku ƙara sanin abin da za ta faɗa da kanta ba.

Daga nan sai wake. Ku shimfiɗa kwali mai gida huɗu, damina, kaka, ɗari, bazara. Ku ƙirga wake 20 ku zuba mata a hannu: "Inna, a ce waɗannan matan unguwar nan ne masu zuwa awo. Ki raba su yadda kike ganin suna zuwa." Ku bar ta ta raba, ta kwashe, ta sake. Za ku ga ta ɗebi biyu daga damina ta tura kaka tana magana da kanta, kuma wannan maganar da take yi ƙasa-ƙasa ku tabbata rakoda ta kama ta. Ku ɗauki hoton kwalin, ban da fuskarta. Da wannan ta riga ta yi nata zanen, in naku ya fito sai ya zama kwatanci tsakanin sani biyu.

8. Ku koya karatun zane da abin da ta fi ku sani

Kafin zanen gaske, ku nuna na gwaji: farashin mudun masara ko gero cikin shekara. Ba matar da ba ta san hatsi yana araha da kaka, yana tsada a tsakiyar damina kafin sabon amfani ya shigo ba. Ku ce, "Dogon nan tsada ne, gajeren araha. A ina kike ganin kaka take?" Da ta nuna daidai, ta gane yadda abin yake aiki, ta kuma ga ba wani sirrin 'yan boko ba ne. Minti uku ya isa.

Kada ku ce "kin gane?" Kunya za ta sa ta ce e. Ku ce, "In maƙwabciyarki ta shigo yanzu, yaya za ki bayyana mata wannan?"

9. Ku fito da zanen gaske, ku miƙa mata maka

Ku faɗi abu uku kawai: daga ina lissafin ya fito, wace shekara ce, me tsawon ginshiƙi yake nufi. Sannan ku ce, "Daga littafin asibiti muka kwaso wannan. Littafi yana iya kuskure, ku ne kuke garin." Ku miƙa mata makar, ku janye hannunku daga takardar, ku yi shiru. Shirun zai yi muku tsawo. Ku daure, ku ƙirga goma a zuci ko fiye.

Tambayoyin su bi wannan jeri. Me idonki ya fara sauka a kai? Ina ne ya yi daidai da abin da kike gani a unguwa? Ina ne bai yi daidai ba, ki kewaye shi. Me ya faru a gari a wannan lokacin? Ga rabon wakenki ga wannan, ina suka saɓa, wanne kika fi yarda da shi? Su wa ne ba sa cikin wannan takarda?

Ta ƙarshen nan ita ce mafi albarka. Rajista tana ƙirga wadda ta zo ne kawai. Wadda ta tafi gidan iyayenta goyon ciki ta yi awo a wani gari, da matar rugar da ta yi ƙaura, da wadda ungozoma kaɗai take gani, da mai cikin fari da kunya ta hana ta fita har ciki ya tsufa, duk ba ginshiƙinsu. Matan unguwa sun san su ɗaya bayan ɗaya.

Ku shirya jin dalilan da ba sa cikin littattafan da kuka karanta. In alƙaluman na 2023 ne, za a iya ambata muku ƙarancin takardar kuɗi na farkon shekarar, lokacin sauya fasalin naira, da tashin kuɗin babur bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayu. Wata za ta ce rafi ne yake cika a Agusta ya raba su da asibiti. Wata ta ce ginshiƙin ya yi tsawo ne a watan da aka raba gidan sauro, ko ya gajarta da aka yi wa malamar da suka saba da ita canjin wurin aiki aka bar namiji. Kowanne ku bi shi da "ba ni labarin yadda aka yi," kada ku nuna wanda ya fi burge ku.

Ga inda lambobin ginshiƙai suke aiki. Matar za ta yi ta cewa "nan ya yi yawa, can kuma ƙarya ne." Bayan mako biyu, mai rubuta hirar zai ji "nan" da "can" bai san ina ba ne. Don haka duk inda ta nuna, mai tambaya ta maimaita da ƙarfi: "Kin nuna na takwas, watan Agusta." Mai ɗaukar bayani kuma ta rubuta lokacin da rakoda take nunawa da abin da hannu ya yi, har da dariya ko ture takarda.

Gargaɗi: kada ku ce "kin ga yadda ya sauka a damina saboda noma, ko?" Kun ba ta amsa, za ta mayar muku da ita. In kuma ta karanta zanen a juye, kada ku ce ta yi kuskure. Ku tambaye ta yadda ta bi ta kai ga haka, ku rubuta, sannan ku ce, "Mu da muka zana, ga abin da muka so nunawa," ku ci gaba.

Gargaɗi na biyu: zanen da ya jera unguwanni ko ƙabilu daga mai kyau zuwa mara kyau yana jawo kunya da zargi. In dole ne a kwatanta, ku nuna unguwarta kusa da jimillar ƙaramar hukuma, ba tare da sunan maƙwabta ba. In magana ta kai ga rasuwar jariri ko 'yar'uwa, ku kife takardar, ku yi ta'aziyya, ku tambaye ta ko a dakata.

10. Kafin ku bar gidan

Ku rubuta lambar sirri ta mai bayanin a bayan takardar, ban da suna. Ku ɗauki hotonta nan take, ku sa a ambulan. Da yamma ku zauna da mai ɗaukar bayani minti ashirin ku cike giɓi tun abin yana kai. Ku kwashe sautin daga waya zuwa ma'ajiya mai kalmar sirri, kada ku tura ta zauren WhatsApp.

11. Ku tace bayanan gida uku

Wajen nazari, ku ajiye rubutun hirar da hoton takardar da hoton waken wuri ɗaya, ku raba abin da aka faɗa uku. Na farko, inda aka kasa karanta zanen: wannan darasi ne kan zanenku, kada ku rubuta shi a matsayin ra'ayin mutane kan awon ciki. Na biyu, dalilan da aka bayar na hawa da sauka. Na uku, inda aka ƙaryata lissafin.

Gida na uku ku bi shi da ƙafa. In mata da yawa sun kewaye wata ɗaya sun ce ba haka ba ne, ku koma rajista, ku tambayi mai kula da asibitin abin da ya faru a watan. Wani lokaci su ne da gaskiya, wani lokaci tunawa ce ta haɗa shekaru biyu. Ko wanne ne, ku rubuta shi yadda yake. Kuma kada ku mayar da hira 20 zuwa kashi cikin ɗari, ba a zaɓo su don wakiltar jiha ba. Ku ce dalili kaza ya fito daga bakin mata a ƙauyuka kaza, ku kawo kalamansu, ku cire duk abin da zai tona mai maganar ko ma'aikacin da ta ambata.

12. Ku mayar musu da abin da kuka samu

Ku sa kuɗin wannan tafiya a kasafi tun farko, don in aka bar ta sai ƙarshe ba a yin ta. Ku sake zana zanen da dalilan da aka bayar a rubuce da Hausa kusa da kowane ginshiƙi, ku kai shi taron kwamitin raya gunduma, sannan ku yi zama dabam da mata, ko a makarantar Islamiyya ko a zumuntar mata ta coci. Ku karanta musu, ku tambayi inda kuka fahimce su ba daidai ba, ku gyara kafin a buga rahoto. Ku bar kwafi mai leda a hannun shugaban kwamitin, ɗaya kuma a asibitin, bayan kun tabbatar ba a iya gane wadda ta faɗi kowace magana.